Hancin Malam Uwaisu

Malam Uwaisu mai kabureta ba ya tambayar direba abin da ke damun motarsa. Cewa yake direba kansa ma yake yi wa ƙarya, balle bakanike. Idan ka kawo mota, hannu kawai zai ɗaga maka, ma'ana ka bar ta a kunne. Sai ya zagaya baya, ya tattare riga, ya tsuguna daf da bakin salansa, ya rufe ido, ya riƙa janyo hayaƙin da tafin hannu zuwa hancinsa kamar mace tana duba miya. Can sai ya miƙe ya yanke hukunci. Ko ya ce, "Ta ƙoshi har ya yi mata yawa," wato mai ya rinjayi iska, ko ya ce, "Yunwa take ji," wato iska ta rinjayi mai. Daga nan ya ɗauko 'yar sukundirebarsa ya murɗa abin da zai murɗa, ya koma baya ya sake shinshinawa. Aikin ke nan, kuma da shi ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'yansa mata.

Ni sunana Alhassan. A farkon shekarun dubu biyu bas nake tuƙawa, ina kwaso ma'aikata daga Zawaciki da Na'ibawa in sauke su a ƙofar wata masaƙa a Sharada, da rana kuma in ɗauki 'yan canjin aiki na Challawa. Wanda bai ga Sharada ta lokacin ba, ko na ba shi labari cewa zai yi ƙari nake. Da jiniya ta yi kuka, titi ya cika da kekuna da mutane masu audugar masaƙa a gashin kai, masu abinci suna ta zuba shinkafa da wake, mu direbobi muna ta faɗa kan wurin ajiye mota. Rumfar Malam tana jikin katangar wani kamfanin roba, ƙarƙashin darbejiya, kwano huɗu ne da benci ɗaya. A nan muke hira, a nan muke gulma, a nan ake sulhunta waɗanda suka yi faɗa da safe. Ina kewar bencin nan fiye da yadda nake kewar wasu 'yan'uwana, Allah Ya yafe mini.

Doka ɗaya ce a rumfar: ba a shan taba, ba a suya. Mai shayin da ke gefe sai da ya ja teburinsa can gaba, saboda Malam ya ce ƙaurin ƙwansa yana shiga masa aiki. Babu wanda ya ga baƙinsa a kan haka, domin kowa ya san hancin nan namu ne gaba ɗaya. Har daga Bompai ana kawo masa mota.

Rigimarsa da mu ba ta wuce ɗaya, ita ce ta shan mai. Duk sanda aka shiga wahalar fetur, layi ya miƙe a gidajen mai, sai mu zo muna lallaɓa shi ya matse mana kabureta. Gaba-gaba a wannan roƙo shi ne Ɗayyabu, wani direba ɗan'uwanmu mai baki kamar rediyo, wanda da zai samu motar da ke tafiya da iska zalla da ya yi sadaka.

"Malam, ku ƙara matse ta kaɗan mana. Wallahi shanye ni take yi."

"Ɗayyabu, kai idan aka rage maka tuwo fushi kawai za ka yi. Ita idan aka rage mata zafi za ta ɗauka, ta cinye bawul ɗinta. Iyakarta ke nan, ba na ƙarawa."

Ɗayyabu ya yi ta mita, gobe kuma ya dawo. Haka muke da shi duka.

A daminar shekarar dubu biyu da biyar Malam ya kwanta da wata irin mura mai zazzaɓi. Ya jima a gida, muka yi ta zuwa dubiya. Da ya dawo ya rame, amma hannunsa na nan, bakinsa ma na nan. Ni ne na fara kai masa mota. Ya tsuguna kamar kullum, sai dai na ga ya daɗe a tsugunen fiye da yadda ya saba. Ya tashi ya murɗa, ya ce in tafi. Kwanaki kaɗan bayan haka, ina ɗauke da mutane cike zuwa Challawa, bas ta fara tari, ta ɗau zafi, ta mutu a gefen titi. Ma'aikata suka sauka suna tsine mini, suka ƙarasa da ƙafa. Na hau acaɓa na ɗauko Malam.

Inda motar ta mutu kuwa, daidai bakin kwatar da ke kwaso ruwan kamfanonin jima ne. Wanda ya san Challawa ya san warin nan, irin wanda yake bin ka har gida ya kwana a rigarka. Na ɗaure hancina da hankici tun kafin mu sauka. Malam, wanda a da ko hanyar ba ya yarda ya bi sai dole, ya ɗaga kujerar gaba ya duba injin, ya kwance fulogi ɗaya ya ga kansa ya yi fari fat. Sannan ya je ya zauna a kan simintin kwatar, ya zaro ƙullin gyaɗa daga aljihu ya fara ɓarewa yana ci.

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Malam, ba ku ji ba?"

"Ji me?"

Ya dubi hankicin da ke fuskata, ya juya ya dubi baƙin ruwan da ke gudu ƙarƙashin ƙafarsa. Ya mayar da gyaɗar aljihu a hankali.

"Tun murar nan," in ji shi. "Ko fetur ka zuba mini a tafin hannu, ruwa ne a wurina. Na je asibiti, sun ce wataƙila ya dawo, wataƙila ya tafi ke nan. Motarka ni na kashe ta, Alhassan. Da ka na murɗa, na matse ta fiye da kima."

Ban taɓa jin tausayin namiji irin na ranar ba. Mutum ne da ya haura hamsin, ba gona gare shi ba, ba shago ba, bai iya komai ba sai wannan. Kuma na san mutanenmu. Ranar da aka ji hancin Malam Uwaisu ya mutu, ranar layin motocin nan zai watse, har da waɗanda ya yi wa gyara kyauta. Na ce masa maganar ta mutu a bakin kwatar nan. Ya ce bayan matarsa Jummai ni ne na biyu da na sani.

Ni na fara cigiya a Ƙofar Ruwa wajen masu kayan gyaran mota, ina fakewa da cewa maigidana ne ya aike ni. Wani mai shago ya ce akwai geji da Turawa suke auna hayaƙin mota da shi, ya ɗauko mini wani da aka ciro daga motar Kwatano, ɗan zagaye mai jerin fitilu ja da kore. Na kai wa Malam muka haɗa shi a ɓoye bayan kowa ya watse cin abinci. Fitilun suka yi ta tsalle, ja, kore, ja, kore, ba su tsaya ba. Malam ya murɗa ciki, suka gudu gefe ɗaya. Ya murɗa waje, suka gudu ɗaya gefen. Ko kaɗan aka wuce ko da yawa, duk ɗaya ne a wurinsu.

"Wannan ai Ɗayyabu ka sayo mini," in ji shi. "Surutu da yawa, ba magana ɗaya tsayayya."

Na mayar wa mai shagon kayansa. Shi ne ya yi mini bayani cewa iri biyu ne. Wannan ƙaramin abu ɗaya ya sani, an haura ko an gaza, bai san da nawa ba. Babban kuwa lamba yake rubutawa, tun daga goma har wajen ashirin, kuma sansarsa, wato kan da ake zurawa cikin salansa ya sha hayaƙin, tana da wayoyi da yawa. Ya ce bai taɓa ganin mai sayar da shi a Kano ba.

Sai Malam ya tuna da Hajiya Fanna, wata mai sayar da leshi a Kantin Kwari da take zuwa Dubai saro kaya, wadda ya daɗe yana kula mata da tsohuwar fijonta. Ya sayar da babur ɗinsa, muka je har gida muka same ta. Bai faɗa mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

"Hajiya, abu biyu za ku duba. Ya zama mai rubuta lamba ne, ba mai fitilu ba. Sannan ku ƙirga wayoyin da ke jikin kan. Idan ɗaya ce ko biyu, ku ajiye musu abinsu. Biyar ko fiye nake so."

"Oh ni Fanna," in ji ta. "Zare na saba ƙirgawa, yau kuma waya. To Malam, idan suka cuce ni kai ka jawo."

Ba su cuce ta ba. Ta ce sai da ta sa mai shagon ya buɗe kwali uku, ta ƙirga a gabansa da yatsa, tana yi masa Hausa yana yi mata nasa yaren. Malam ya sa kafinta ya yi wa gejin akwatin katako mai murfi, ya sa mai walda ya yi masa ɗan bututu da zai riƙe sansar can cikin salansa. Ana haɗa shi da batirin mota, a jira kan ya yi zafi, sai lamba ta fito ja a fuskar gilashi.

Lambar da ake nema idan mota tana tsaye ko tana tafiya a natse ita ce sha huɗu da ɗigo bakwai, wato awo sha huɗu da ɗoriya na iska a kan awo ɗaya na mai. Idan ta sauko sha biyu ko sha ɗaya, mota ta ƙoshi. Idan ta haura sha shida, yunwa ce. Ranar farko Malam ya zauna yana kallon lambar tana motsi duk sanda ya taɓa sukundireba, sannan ya ce, "Ashe abin da nake ji shekara da shekaru yana da lamba."

Amma sai da gejin ya fara kunyata shi. Motoci uku na farko da ya auna, duk ya nuna masa sha bakwai. Ya yi ta ƙara musu mai har lambar ta sauko. Kafin mako ya zagayo masu su suka dawo suna kumfar baki, motoci na zubar da baƙin hayaƙi, fulogi sun yi baƙi ƙirin. Malam ya shiga ƙarƙashin ɗaya daga ciki, ya sa aka toshe bakin salansar da tsumma, ya riƙa bin bututun da bayan hannu. Ai kuwa iska ta riƙa huro shi ta ko'ina. Salansar motocinmu ta lokacin, faci ne a kan faci, babu wadda ba ta da ɓula biyar. Ta ɓular nan iskar waje take kutsawa ta gauraya da hayaƙi, geji ya ɗauka yunwa ce. Hanci bai taɓa damuwa da ɓula ba, shi ya sa bai kawo ta a ransa ba. Daga ranar ya kafa sabuwar doka, sai an toshe salansa kafin a yi awo. Mai waldar unguwar har kitse ya yi a shekarar.

Ya kuma gano cewa awon tsaye rabin aiki ne. Sai ya riƙa shiga gaban mota ya ɗora akwatin a cinya, waya ta bi ta taga zuwa baya, a cika bas da mutane a hau titi. Idan na taka totur da kaya, so yake lambar ta sauko wajen sha uku. Idan ta yi sama maimakon ƙasa, sai ya ce in tsaya, yanzu motar za ta ci kanta. Ma'aikatan masaƙa suka mayar da abin wasa, na baya suna tambayar na gaba, "Nawa ta ce?" Aikin Malam ya dawo daidai, har ya fi na da. Tawa motar ba ta sake ɗaukar zafi ba.

Sai dai direbobi ba su yarda da akwatin ba. Ɗayyabu ne ya fara faɗa a fili.

"Malam, mu fa ba wurin agogon Dubai muka zo ba. Ku shinshina mana, shi ya biyo baya."

Saboda haka Malam ya ce musu gejin shaida ne na biyu. Zai haɗa shi, ya saci kallon lambar, sannan ya zagaya ya tsuguna ya rufe ido ya janyo hayaƙin da ba ya ji, ya miƙe ya ce ta ƙoshi ko yunwa take ji. Su kuma su dubi gilashi su ce, "Ka gani? Akwatin ma ya yarda da Malam." Ni ina kan benci ina taya su gyaɗa kai. A wurina wannan ba wani abu ba ne, kowa ya samu abin da ya zo nema. Shi kuwa abin yana cin sa. Wata rana muna dawowa daga masallaci ya ce mini, "Gyaran halal ne, Alhassan. Tsugunon ne ba na son a tambaye ni a kansa."

An kusa shekara biyu a haka. Sai aka sake shiga wahalar mai, Ɗayyabu ya sayi galan biyu wurin 'yan bumburutu a bakin titi, ashe sun sirka shi da kananzir. Ya iso rumfa da hantsi, bas na tari tana fitar da wani farin hayaƙi. Benci cike yake da mutane. Tun kafin ya saki totur kowa ya ji, domin warin kananzir ko yaro ya san shi, kamar an hura risho ne a tsakiyarmu. Amma babu wanda ya yi magana. Al'adar wurin ce, ba a riga Malam faɗa. Kowa ya zuba ido yana murmushi, ana jiran ya wanke Ɗayyabu tas.

Malam ya haɗa geji. Lambar ta yi ta rawa, ta ƙi zama. Ya zagaya ya tsuguna, ya rufe ido, ya janyo hayaƙin. Ina kallon bayan wuyansa, na san ba shi da abin faɗa. Na yi maza na ɗaga murya kamar da wasa.

"Kai Ɗayyabu, risho ka kawo mana ko mota? Wannan kananzir har cikin ido."

Aka kwashe da dariya, wani ya ce na yi azarɓaɓi. Na buɗe wa Malam ƙofa ke nan, abin da ya rage kawai ya tashi ya ce ai tun daga nesa ya ji. Malam ya daɗe a tsugune. Sannan ya dafa bamba ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Na gode, Alhassan, amma bar shi haka." Ya juya ya fuskanci benci. "Jama'a, ban ji kananzir ɗin nan ba. Ban ji komai ba tun ciwon da na yi shekarar waccan. Duk gyaran da na yi muku daga lokacin, akwatin nan ne ya faɗa mini, tsugunon kuwa don ku gani ne. Wanda ya zo don hancina, babu shi, ya yafe mini. Wanda zai iya da akwati, ga ni."

Malam ya cire sansarsa daga salansa don kada gurɓataccen man ya lalata ta, ya goge ta da tsumma, ya ce wa Ɗayyabu ya je ya juye tankinsa. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurin da ya tuna. Ni haushi ma na ji, har na kasa yi masa sallama da kyau.

Abin da na ji tsoro ya faru, ko da yake ba duka ba. 'Yan Bompai suka daina zuwa. Wasu namu suka koma wurin wani bakanike a Na'ibawa, suna cewa wa ya sani ko tun can ma dabara ce. Waɗanda suka tsaya sun isa ya ci abinci, ba su isa layi ba. Ɗayyabu yana cikinsu, kuma bai sake kiran gejin agogon Dubai ba. Malam ya ci gaba da aikinsa a haka har masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, basa-basai suka ragu, mu ma muka watse neman abinci.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne washegarin ranar da ya faɗi gaskiya. Na sauke 'yan aikin safe na biya ta rumfa da wuri, don kada ya zauna shi kaɗai. Na same shi yana share ƙasa, mota biyu kacal a gabansa. Ina matsowa wani ƙamshi ya tare ni, turaren wuta mai kyau irin na ɗakin amare, yana tashi daga tsohuwar rigar aikinsa mai tabon baƙin mai.

Na ce, "Malam, yau ɗaurin aure za ku je ne?"

Ya dubi rigar, ya ɗan yi murmushi. "Jummai ce. Tun da aka kawo ta gidana na hana ta turara mini kaya, ko ɗakin da nake kwana, saboda kada ya taɓa mini hanci. Shekara talatin tana haɗa turare tana sayar wa matan unguwa, ban taɓa barin ta kunna shi kusa da ni ba. Jiya na ce mata an gama, ta yi yadda take so. Tun asuba take fama da kasko."

Ya jingine tsintsiya. Ya kamo wuyan rigar ya kai hanci, ya ja numfashi, ya sake ta.

"Alhassan, da daɗi?"

Na ce, "Wallahi da daɗi, Malam."

"To, idan ka gan ta ka faɗa mata," in ji shi. "Ni ta tambaye ni, na rasa abin da zan ce."

Ya buɗe murfin akwatin, ya ce wa mai motar farko ya tayar.